Cututtukan fumfuna bayan dashen gaɓa: Yadda likitoci ke sa ido

Mutumin da aka yi wa dashen ƙoda, ko hanta, ko ɓargo, yakan bar ɗakin tiyata da fatan cewa wahala ta zo ƙarshe. A wajen likitocinsa kuwa, a ranar ce wani aikin ke farawa, watau gadin jikin da aka rage wa garkuwa da gangan.

Daga cikin abubuwan da suke gadi, kaɗan ne suka kai cututtukan fumfuna wuyar ganewa, musamman idan suka kutsa cikin jini, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa.

Bakteriya da bairos sun fi su yawan kama masu dashe. To amma cututtukan fumfuna sukan shigo a ɓoye, kuma sau da yawa kafin gwaji ya tabbatar da su, sun riga sun yi nisa. Wannan ne ya sa asibitocin dashe suka tsara hanyoyin bibiyar majinyaci tun kafin ya nuna wata alama.

Wace irin cuta ce?

Kowa ya san fumfunar da kan fito a jikin burodin da ya kwana biyu, ko gyadar da aka adana da danshi. Ita da yis ɗin da ake sa wa a ƙullu, da ƙwayoyin da ke haddasa makero da ƙyasbi, duk dangi ɗaya ne.

Makero da ƙyasbi a fata suke tsayawa. Waɗanda ake magana a kansu a nan kuwa sukan keta fata ko bangon huhu, su shiga tsoka da jijiyoyin jini, su kuma bazu zuwa wasu sassan jiki.

Fumfuna tana yaɗuwa ne ta hanyar wani iri mai kama da ƙura, wanda ido ba ya gani. Masana sun ƙiyasta cewa kowane mutum kan shaƙi ɗaruruwan irin fumfunar Aspergillus a kowace rana. A jikin mai lafiya, fararen ƙwayoyin jini sukan gama da su ba tare da ya san an yi ba.

Me ya sa masu dashe suka fi shiga hatsari?

Jikin ɗan Adam ba ya karɓar baƙo. Da zarar an dasa masa ƙodar wani, garkuwarsa za ta ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba, ta far mata.

Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, wanda Dakta Joseph Murray ya jagoranta a birnin Boston na Amurka a watan Disambar 1954, ya kauce wa wannan matsala ne saboda tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi. Ga sauran jama'a, dole sai an danne garkuwar da magani, kuma har iyakar rayuwa.

Tun da wuri aka ga abin da hakan kan jawo. Mutumin da Dakta Christiaan Barnard ya yi wa dashen zuciya na farko a duniya, a Cape Town cikin watan Disambar 1967, ya rasu bayan kwana 18. Zuciyar tana aiki, ciwon huhu ne ya kashe shi, domin an raunana garkuwarsa.

Wani abin mamaki shi ne, maganin cyclosporine, wanda ya mayar da dashe aikin yau da kullum daga farkon shekarun 1980, daga wata fumfuna aka samo shi, wadda aka gano a cikin ƙasar da aka ɗebo daga Norway. Shi da tacrolimus, da magungunan sitiroid, su ne ke kare sabuwar gaɓa, su ne kuma ke buɗe wa fumfuna ƙofa.

Masu dashen ɓargo sun fi kowa shiga tsaka mai wuya. Kafin a ba su sabon ɓargo sai an kashe tsohon da magunguna masu ƙarfi, don haka sukan yi makonni biyu zuwa huɗu kusan babu fararen ƙwayoyin jini a jikinsu. Bayan nan kuma, idan ɓargon wani aka ba su, yana iya juyowa ya yaƙi jikin da aka sa shi a ciki, sai a ƙara musu sitiroid, hatsarin ya dawo sabo.

Manyan masu laifi

Bayani mafi faɗi da aka tattara a kan wannan batu ya fito ne daga wani shirin sa ido da aka gudanar a cibiyoyin dashe na Amurka tsakanin 2001 da 2006, wanda ake kira TRANSNET, aka kuma wallafa sakamakonsa a 2010.

A tsakanin waɗanda aka dasa wa gaɓa irin su ƙoda da hanta da huhu, Candida ce ta zo ta farko da kashi 53 cikin ɗari na cututtukan fumfunar da aka gani. Aspergillus ta biyo baya da kashi 19, sai Cryptococcus da kashi 8.

A tsakanin masu dashen ɓargo lissafin ya juya: Aspergillus kashi 43, Candida kashi 28. Kuma daga cikin masu dashen ɓargon da Aspergillus ta kama, kimanin mutum ɗaya ne cikin huɗu ya kai shekara guda da rai.

Candida ba baƙuwa ba ce. Tana zaune lafiya a bakin mutum da hanjinsa da fatarsa. Takan samu hanyar shiga jini ne ta wurin da aka yanka hanji, ko ta robar da aka sa a babbar jijiya don ƙarin ruwa da magani, musamman idan an daɗe ana ba majinyaci magungunan kashe bakteriya.

Aspergillus daga iska take zuwa, don haka huhu da kogon hanci take fara kamawa. Tana da halin huda jijiyoyin jini, ta toshe su, sai naman wurin ya mutu.

Cryptococcus ana samunta a ƙasa da kashin tsuntsaye, musamman tattabaru, kuma takan haddasa wani nau'in sanƙarau mai tafiyar hawainiya. Akwai kuma Pneumocystis mai hana numfashi, da dangin Mucor, waɗanda duniya ta ji labarinsu a 2021 lokacin da suka kama mutane fiye da dubu 40 a Indiya a tsakiyar annobar korona, galibinsu masu ciwon sukari da aka ba sitiroid.

Binciken ya kuma nuna cewa hatsarin ya danganta da gaɓar da aka dasa. A cikin shekarar farko, cutar ta kama kashi 11.6 cikin ɗari na masu dashen ƙaramin hanji, da kashi 8.6 na masu dashen huhu, da kashi 4.7 na masu dashen hanta. Masu dashen ƙoda su ne a ƙasa, da kashi 1.3.

Kowace da lokacinta

Likitan dashe yakan fara duba kalanda kafin ya duba sakamakon gwaji, domin kowace cuta da lokacin da ta fi bayyana.

A watan farko, matsalolin tiyata da na zaman asibiti ne suka fi yawa, kuma lokacin Candida ke nan. Daga wata na biyu zuwa na shida, sa'ad da magungunan danne garkuwa suka kama jiki sosai, Aspergillus da Pneumocystis ake tsoro. Cryptococcus kuwa ba ta gaggawa. A binciken na Amurka, rabin waɗanda ta kama sai bayan fiye da shekara ɗaya da rabi da yin dashen ta bayyana a jikinsu, watau lokacin da majinyaci ya koma gida, ya koma sana'arsa, wataƙila ma ya rage zuwa asibiti.

Kalandar kan koma farko duk lokacin da jiki ya yi yunƙurin ƙin gaɓar, aka ƙara ƙarfin magani.

Gwaje-gwajen da ake yi

Matsalar farko ita ce alamomin ba su da wani tambari nasu. Zazzaɓi, tari, ciwon ƙirji, ciwon kai, duk abubuwa ne da cututtuka da dama kan kawo. Sitiroid ma yakan danne zazzaɓin, ta yadda mutum zai iya kasancewa cikin mummunan hali alhali jikinsa ba zafi.

Tsohuwar hanya ita ce a ɗebi jini a rene shi a ɗakin gwaje-gwaje, a ga abin da zai tsiro. Har yanzu ana yin haka, domin ita ce ke nuna ainihin nau'in ƙwayar da maganin da take ji. Sai dai takan ɗauki kwanaki, kuma kusan rabin masu Candida a cikin jiki ba a ganinta a jininsu. Aspergillus kuwa da wuya ta tsiro daga jini ko kaɗan.

Hanyar da ta fi kawar da shakka ita ce a yanko ɗan nama daga wurin da ake zargi a duba shi a madubin likita. Amma mai dashen ɓargon da jininsa ba ya daskarewa yadda ya kamata, huda huhunsa da allura na iya zama ajalinsa.

Saboda haka aka koma neman sawun fumfunar maimakon ita kanta.

Sa'ad da Aspergillus ke girma, takan zubar da wani sinadari na bangon jikinta mai suna galactomannan. Gwajin da ke gano shi a jini ya samu amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka a 2003. A asibitoci da dama akan yi wa masu dashen ɓargo wannan gwaji sau biyu a mako a lokacin da ba su da fararen ƙwayoyin jini, kuma yakan nuna cutar kwanaki kafin alamu su fito. Abin da likita ke kallo shi ne tafiyar alƙaluman. Idan suna hawa daga gwaji zuwa gwaji, akwai magana. Idan an fara magani suka soma sauka, alama ce mai kyau.

Gwajin yana da iyakarsa. A jikin mai dashen ƙoda ko hanta, wanda fararen ƙwayoyin jininsa ke nan suna share sinadarin, sau da yawa ba ya nuna komai ko da cutar na nan. Haka ma wanda aka riga aka ɗora a kan maganin rigakafin fumfuna. A irin wannan hali akan zura siririn bututu mai kyamara cikin huhu, a wanke sashen da ake zargi da ruwan gishiri, a gwada ruwan da aka zuƙo.

Gwaji na biyu, wanda ya biyo baya a 2004, yana neman sinadarin beta-glucan ne, wanda yawancin fumfuna ke da shi. Yana iya cewa akwai fumfuna, amma ba ya faɗin wace ce. Ba ya ganin dangin Mucor, ba a kuma dogara da shi wajen Cryptococcus. Bugu da ƙari, yakan yi ƙarya idan an ƙara wa mutum wasu sinadaran da aka tace daga jini, ko an yi masa wankin ƙoda da wasu nau'o'in matata, ko ma an yi amfani da bandejin tiyata a cikinsa. Amfaninsa mafi girma shi ne idan ya nuna babu, domin hakan kan ba likita ƙarfin gwiwar dakatar da maganin da ba a buƙata.

Hoton ƙirji na yau da kullum yakan makara. Shi ya sa ake gaggauta ɗaukar hoton na'urar CT da zarar zazzaɓi ya ƙi sauka. A farkon cutar Aspergillus akan ga wani ɗan curi a huhu da dishi-dishi kewaye da shi, kamar zoben hazon da kan kewaye wata. Jinin da ya tsiyaya daga jijiyoyin da fumfunar ta huda ne. Alamar ba ta daɗewa, cikin kwanaki take gushewa, kuma an fi ganinta a jikin masu dashen ɓargo.

Akwai kuma gwajin PCR mai neman ƙwayoyin gadon fumfunar, wanda ƙwararrun Turai da Amurka suka shigar cikin ƙa'idojinsu na tantance cutar a bitar da suka fitar a 2020. Ƙa'idojin, waɗanda aka fara wallafawa a 2002, sun kasa majinyata gida uku: wanda aka tabbatar yana da cutar, da wanda ake kyautata zaton yana da ita, da wanda mai yiwuwa ne. Wannan rabe-rabe kaɗai ya isa nuna cewa galibin lokaci likita na yanke shawara ne ba tare da cikakken tabbaci ba.

Cryptococcus kuwa an yi sa'a da ita. Tun daga 2011 akwai wani ɗan tsinken gwaji mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, wanda ke ba da amsa cikin mintoci daga jini ko ruwan ƙashin baya, ba ya kuma buƙatar wutar lantarki.

A jira, ko a ba da magani?

Mai karatu na iya tambaya, tun da ganewar na da wuya haka, me zai hana a ba kowa magani a huta?

A wasu wurare haka ake yi. Kusan duk mai dashe akan ɗora shi a kan co-trimoxazole, wanda aka fi sani da Septrin, na tsawon wata shida zuwa shekara guda saboda Pneumocystis. Masu dashen ɓargo an fara ba su fluconazole tun farkon shekarun 1990, daga baya kuma aka koma ba waɗanda suka fi shiga hatsari posaconazole. Masu dashen huhu ma yawanci akan ba su rigakafi na watanni.

To sai dai magungunan ba ruwan sha ba ne. Amphotericin B, wanda aka gano a shekarun 1950, yana da ƙarfi, amma yana lalata ƙoda, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce an lalata ƙodar da ɗan'uwa ya sadaukar. Sababbin suna da tsada, suna taɓa hanta, kuma yawan amfani da su na koya wa fumfuna jure musu.

Tun shekarun 1980 akwai al'adar fara maganin fumfuna ga duk wanda ba shi da fararen ƙwayoyin jini, idan zazzaɓinsa ya kai kwana huɗu zuwa bakwai bai ji maganin bakteriya ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka ba maganin ta haka ba su da cutar. Tsarin sa ido da gwajin jini da hoton CT ya zo ne don rage wannan ɓarna: a riƙa dubawa a kai a kai, a fara magani da zarar sawu ya bayyana. Tsari ne mai kyau, amma sai a asibitin da sakamakon gwaji ke fitowa cikin kwana ɗaya ko biyu. Inda sai an aika jini wani gari an jira mako guda, bin sa ganganci ne.

Sa ido a kan maganin kansa

Gano cutar rabin aiki ne. Voriconazole, wanda tun 2002 ya zama babban maganin Aspergillus, jikin mutane ya bambanta ƙwarai wajen sarrafa shi. Mutum biyu za su sha adadi ɗaya, a jinin ɗaya ya yi kaɗan har ya kasa aiki, a jinin ɗayan ya yi yawa har ya soma gane-gane, hantarsa ta taɓu. Don haka akan auna shi a jini bayan kwanakin farko, ana neman ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa kimanin 5.5 a kowace lita. Wanda ya daɗe yana shan sa kuma akan riƙa duba fatarsa, domin yana sa rana ta ƙona fata, yana kuma ƙara hatsarin sankarar fata.

Babban tarkon yana wajen haɗuwarsa da magungunan dashe. Voriconazole da 'yan'uwansa suna hana hanta narkar da tacrolimus da cyclosporine, sai su taru a jini su cutar da ƙoda. Ƙa'ida ita ce, ranar da aka fara voriconazole, a rage tacrolimus zuwa kashi ɗaya cikin uku, a kuma riƙa auna shi. Ranar da aka daina kuma dole a mayar da shi yadda yake. Idan aka manta, garkuwar jiki za ta farfaɗo ta far wa gaɓar.

Asibitin ma ana gadinsa

Ana sa masu dashen ɓargo a ɗakunan da ake tace iskarsu, ba a kuma yarda a shigo musu da furanni ko tukwanen shuka. Aikin gini ko rushe-rushe kusa da sashen dashe sananniyar hanya ce ta ɓarkewar Aspergillus. A watan Satumbar 2015, wani babban asibiti a birnin Pittsburgh na Amurka ya dakatar da dashe na 'yan kwanaki bayan da fumfuna dangin Mucor ta kama wasu majinyatansa.

Sabuwar damuwa ita ce Candida auris, wadda aka fara bayyanawa a Japan a 2009. Tana maƙalewa a gadaje da kayan aiki na tsawon makonni, tana tsallakawa daga majinyaci zuwa majinyaci, kuma yawanci ba ta jin fluconazole. A Holand kuma an gano Aspergillus mai jure magani, wadda aka danganta da magungunan feshi na gona masu kama da na asibiti. A watan Oktobar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 mafiya hatsari, karo na farko da ta yi haka, inda ta sa Cryptococcus neoformans, da Candida auris, da Aspergillus fumigatus, da Candida albicans a sahun gaba.

Bayan an dawo gida

A Najeriya an fara dashen ƙoda a asibitin St Nicholas da ke Legas a 2000, sai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 2002. An yi dashen ɓargo na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ga wani mai cutar sikila. Wasu da dama kuma a Indiya ko Masar ake yi musu aikin, su dawo gida bayan 'yan makonni, watau daidai lokacin da hatsarin Aspergillus ke ƙaruwa, kuma nesa da likitocin da suka san tarihinsu.

Alƙaluman Amurka ba lallai su dace da ko'ina ba. A ƙasashe masu zafi da fari irin su Sudan da Saudiyya, nau'in Aspergillus flavus, wadda ke lalata gyada da masara a rumbu, ta yi suna wajen kama kogon hanci. A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya kuma akwai Histoplasma, mai zama a ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya taru, wadda za ta iya kwanciya shekaru a jiki, ta tashi bayan an danne garkuwa.

Kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa shi ne a ɗauki cutar fumfuna a matsayin tarin fuka, domin tari da rama da zazzaɓin dare da tabon huhu duk iri ɗaya ne. Illar biyu ce. An bar ainihin cutar tana ci, sannan rifampicin, jigon maganin tarin fuka, yana sa hanta ta ƙone tacrolimus da sauri, ya kuma kusan shafe voriconazole daga jini, har ma an hana haɗa su. Tarin fuka gaskiya ne yana kama masu dashe, amma ya kamata a nemi shaidarsa a gwaji, a kuma tuntuɓi likitan dashe kafin a fara magani.

Shawarar da cibiyoyin dashe ke ba majinyata ba ta da sarƙaƙiya. Su nisanci wurin gini da tonon ƙasa da juya taki, musamman a shekarar farko. Kada su share akurkin kaji ko ɗakin tattabaru, kada su shiga rumbu ko kogon jemagu, su kuma sa takunkumi idan ƙura ta zama dole. Kada su sha wani magani, na kanti ko na gargajiya, ba da sanin likita ba. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko tarin da ya ƙi tafiya, ko jini a majina, ko ciwon gefe ɗaya na fuska, ko baƙin tabo a hanci ko ganɗa, ko ciwon kan da ke ƙaruwa kullum, kowanne ya isa a je asibiti a ranar, da takardar da ke nuna ranar dashe da sunayen magungunan da ake sha da adadinsu.